Yadda ake bin diddigin zanen alƙaluma da aka kawo kotu a matsayin hujja

Sau da yawa, idan shari'a ta shafi kuɗin kasuwanci, ko iyakar fili, ko bayanan kiran waya, sai ka ga ɗaya daga cikin ɓangarorin ya miƙa wa kotu takarda mai zane: sanduna dogaye da gajeru, ko layi mai hawa da gangarowa, ko da'ira da aka yayyanka, ko taswira mai ja da kore. Akwai dalili mai kyau na yin haka. Takardun banki masu shafi 300 ba sa karantuwa a zama ɗaya, zane kuwa kallo ɗaya ya ishe shi, kuma gani ya kori ji. Matsalar ita ce abin da ido ke fara kamawa siffa ce, ba lamba ba, siffar kuwa mutum ne ya zaɓe ta. Shi ya yanke inda ma'auni zai fara, da watan da za a soma ƙirga, da abin da za a saka, da abin da za a bari a waje. Kowace lamba da ke jikin zanen tana iya zama daidai, amma abin da zanen ke faɗa wa ido ya saɓa wa gaskiya. A kotunanmu alƙalin da ke kallon hujja shi ne mai yanke hukunci, ga tulin shari'o'i a gabansa, saboda haka hoton da ya fara zama masa a rai yana da wuyar gogewa.

Wannan bayani na lauyoyi ne, da ɗaliban shari'a na harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da akantoci da safiyoyin da ake kira ba da shaida, da kuma mai ƙara ko wanda ake ƙara da ke son fahimtar takardar da aka kawo a kansa. Kayan aikin kaɗan ne: rula mai santimita wadda ake gani ta cikinta, fensir, kalkuleta, takarda mai ƙananan gidaje irin ta ɗaliban lissafi, da kwamfuta mai Excel idan ta samu.

Mataki na farko: a nemi asalin zanen da lambobin da ke ƙarƙashinsa

Kada a fara aiki da fotokofi. A nemi ganin asalin takardar a wajen rajistaran kotu, da launinta da girmanta. A ƙarar da ba ta laifi ba a Babbar Kotu, ana shigar da takardun da za a dogara da su tare da ƙarar tun farko, don haka akwai lokacin yin wannan. A shari'ar laifi kuwa, sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun isasshen lokaci da kayan shirya kariyarsa.

Sannan a nemi tushen lambobin: littafin ciniki, rasit, bayanan asusun banki, rajistar zuwa aiki, ko bayanan kira daga kamfanin waya. A zaɓi aƙalla lambobi goma daga jikin zanen, har da mafi girma da mafi ƙanƙanta, a bi kowace ɗaya har shafin da ta fito. Idan zane ya ce cinikin Maris naira miliyan 8 ne, a haɗa rasit ɗin Maris a gani. Idan aka ce tushen ba ya hannu, to an riga an samu babban abin magana, domin zanen da ba a iya komawa tushensa ikirari ne kawai.

Mataki na biyu: ta wace ƙofa zanen ya shigo

Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 258, ta lissafa taswira da zanen fili da zanen alƙaluma cikin abin da ake kira takarda. Idan kwamfuta ce ta fitar da shi, sai a duba sharuɗɗan sashe na 84: ko ana amfani da kwamfutar a kai a kai wajen irin wannan aiki, ko tana aiki lafiya a lokacin, da takardar tabbaci da ƙaramin sashe na 4 ya ambata. A shari'ar Kubor da Dickson ta 2012, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Haka kuma sashe na 83(3) ya hana karɓar bayanin da mai ruwa da tsaki ya rubuta bayan an fara shari'a ko ana hangen za a yi ta, kuma yawancin zane-zanen nan a daidai wannan lokacin ake yin su, don haka a tambayi wanda ya zana da ranar da ya zana. Idan ƙwararre ne ya kawo shi ƙarƙashin sashe na 68, sashe na 76 ya buɗe ƙofar jin dalilan da ya gina ra'ayinsa a kai, kuma ba dole ne kotu ta bi ra'ayin ƙwararre ba. Zanen da lauya ya cusa cikin jawabinsa na ƙarshe ba tare da wani mai shaida ya gabatar da shi ba, wannan ba shaida ba ne, jawabin lauya ne.

A kotunan Shari'ar Musulunci ƙa'idar karɓar shaida a ƙarar da ba ta laifi ba daban take, amma duk binciken da ke tafe yana aiki a can ma, domin idon alƙali ɗaya ne ko'ina. Kuma a riƙa tunawa cewa karɓar takarda daban, nauyin da za a ba ta daban. Yawancin aikin da ke gaba a kan nauyin yake.

Mataki na uku: a ɗora rula a kan sanduna

Wannan shi ne binciken da ya fi saurin ba da sakamako. A dubi layin tsaye da ke gefen hagu, a ga lambar da ke can ƙasa. Idan zanen sanduna ne kuma lambar ba sifili ba ce, tsayin sandunan ba ya wakiltar yawan abin da ake magana a kai.

A ce wani mai shagon taki a Sabon Gari ya yi ƙarar manajansa, yana cewa ya durƙusar da kasuwar. Ciniki a shekarar farko naira miliyan 100, a ta biyu miliyan 94. Mai zane ya fara ma'auni daga miliyan 90. Sandar farko ta tashi gida goma, ta biyu gida huɗu. Da rula za a samu santimita 10 da santimita 4. Abin da ido ya gani raguwar kashi 60 cikin 100 ce, abin da littafi ya nuna kuwa kashi 6 ne. A raba 60 da 6, an samu 10, wato zanen ya ruɓanya gaskiya sau goma. Wani masanin zanen alƙaluma na Amurka, Edward Tufte, shi ya yayata wannan awo a 1983: a raba girman canjin da ke kan takarda da girman canjin da ke cikin lambobi, amsar ta kamata ta tsaya kusa da 1. Amfaninsa a kotu shi ne yana mayar da ƙorafi lamba. Maimakon lauya ya ce zanen yana da zuzutawa, sai ya ce ya zuzuta sau goma, ga rula a auna.

Ba kullum da gangan ake yin wannan ba. Excel da kansa yakan yanke ƙasan ma'auni idan lambobin suna kusa da juna, mai aikin kuma ya buga abin da ya fito. Amma illar a idon alƙali ɗaya ce, ko da niyya ko babu.

Zanen layi bai zama dole ya fara daga sifili ba, domin da shi canji ake kallo. A nan abin dubawa shi ne tsayin zanen da faɗinsa. Lambobi iri ɗaya, idan aka matse su cikin zane mai faɗin santimita 6 da tsayin 15, layin zai miƙe tsaye. Idan aka shimfiɗa su a faɗin 20 da tsayin 5, zai kwanta kamar babu abin da ya faru. A kuma auna tazarar lambobin da ke jikin layin tsayen. Idan tazarar 10 zuwa 100 daidai take da ta 100 zuwa 1,000, ma'aunin na ninki ne, kuma yana danne manyan lambobi. Masana kimiyya suna amfani da shi bisa ƙa'ida, amma wanda ba a faɗa masa ba zai karanta shi ba daidai ba. A tabbatar kuma lambobin suna hawa ne daga ƙasa zuwa sama, don akan kifa su, ƙaruwa ta fito kamar raguwa.

Mataki na huɗu: layin kwance, wato lokaci

A nan yaudara ta fi ɓuya, domin rula kaɗai ba ta isa ba, sai an san garin da lokacin.

Da farko a ƙirga watannin ɗaya bayan ɗaya. Akan ga Janairu, Fabrairu, Maris, sai Satumba, sai Disamba, duk a jere da tazara iri ɗaya. Hawan da ya ɗauki wata shida sai ya bayyana kamar na wata ɗaya. A rubuta watannin da aka tsallake, a nemi lambobinsu.

Sai a tambayi dalilin da ya sa aka fara daga inda aka fara. Duk mai sayen masara a Giwa ko Makarfi ya san farashi yakan kai ƙololuwa a tsakiyar damina, ya faɗi da kaka idan sabuwa ta shigo. Zanen da ya fara daga Agusta ya tsaya a Nuwamba zai nuna faɗuwa a yawancin shekaru, ko da dillalin da ake ƙara bai yi komai ba. Haka cinikin taki: yana tashi ne daga faɗuwar ruwa, ya mutu da rani. Gyaran shi ne a kwatanta Nuwamba da Nuwamban bara, kuma a nemi aƙalla wata 24 a jere, domin a ga damina biyu da rani biyu.

Akwai kuma abubuwan da suka taɓa kowa a ƙasa. A Fabrairu da Maris na 2023 an yi ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalin kuɗi, cinikin tsabar kuɗi ya faɗi a kasuwanni. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 480 cikin kwanaki kaɗan. Idan direba ko manaja ya kama aiki a Yunin 2023, zanen kuɗin mai zai yi tsalle daidai inda aka ja layi aka rubuta sunansa. Layin tsaye mai rubutun "ranar da ya kama aiki" yana sa ido ya haɗa abu biyu da wataƙila lokaci ne kawai ya haɗa su. A nemi a nuna lita nawa aka sha, ba naira nawa aka kashe ba. Haka a zanen shekaru da yawa, naira ta 2019 ba ita ce ta 2024 ba, don haka a nemi a ƙirga buhu ko tan ko katan.

A duba kuma ko zanen na tarawa ne. Idan ɓatan kuɗi a wata huɗu ya kasance miliyan 5, 4, 3, da 2, matsalar raguwa take yi. Amma idan aka tara, za a zana 5, 9, 12, 14, layi yana ta hawa. Zanen tarawa irin wannan ba ya taɓa sauka, saboda haka hawansa ba ya nuna cewa abu yana ƙara lalacewa. A cire lambar kowane wata daga ta wanda ke biye da shi, a sake zanawa.

Mataki na biyar: hotuna, da'ira da layi biyu

Idan aka yi amfani da hoton buhu maimakon sanda, a auna tsayi da faɗi duka. Don nuna cewa tan 400 ninkin tan 200 ne, mai zane yakan ja kusurwar hoton har tsayinsa ya ninka, faɗinsa ma ya ninka. Filin da ya ci a takarda ya zama ninki huɗu, kuma tunda buhu abu ne mai ciki, ido yana ƙiyasta ninki takwas.

Da'ira mai yanka-yanka ba ta da amfani sosai a kotu. Binciken William Cleveland da Robert McGill na 1984 ya nuna cewa mutane sun fi ƙiyasta abubuwan da aka jera a kan ma'auni ɗaya daidai fiye da kusurwa ko fili. A haɗa kason da aka rubuta a ga ko sun ba da 100. Idan an kishingiɗar da da'irar an yi mata kauri, yankin da ke gaba zai fi girmansa na gaskiya, kuma akan ajiye kason wanda ake tuhuma a wurin.

Zane mai ma'auni biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama, shi ne mafi sauƙin sarrafawa. A hagu asarar kamfani da miliyoyi, a dama kuɗin da ke shiga asusun ma'aikaci da dubbai, an daidaita ma'aunan har layukan biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kusan kowane layi biyu masu hawa ana iya sa su rungumi juna ta wannan hanya. A ɗora su a ma'auni ɗaya, sau da yawa layin ma'aikacin zai kwanta a ƙasa ba a ma ganinsa.

Mataki na shida: a nemo abin da ba a zana ba

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa, domin ido ba ya neman abin da babu.

Tambayar farko ita ce: cikin nawa? Ɗakin jinya na farko an yi rasuwa 40, na biyu 15. Sandar farko za ta yi kusan ninki uku. Amma idan na farko ya kwantar da mutum 2,000, na biyu 300, to na farko kashi 2 ne cikin 100, na biyu kashi 5. Zanen ya nuna yatsa ga wanda bai kamata ba.

Sai jadawalin zuwa aiki, wanda ake kawowa a shari'ar ɓatan kaya a sito, ko kuɗi a gidan mai, ko magani a kemis. A jere ta sama sunayen ma'aikata, a gefe ranakun da aka samu giɓi, a ƙarƙashin suna ɗaya kuma alama a kowace rana ba fashi. Kallo ɗaya ya isa a ce an kama ɓarawo. Kafin a yarda, a yi tambaya uku. Kwana nawa mutumin ya yi aiki gaba ɗaya? Idan cikin kwana 90 ya zo 78, kuma giɓi ya faru a kwana 12, yiwuwar duka goma sha biyun su faɗo a ranakunsa ba tare da hannunsa ba ta kai kusan ɗaya cikin shida, wanda ba abin mamaki ba ne. Akwai wasu ranakun da aka samu giɓi ba ya nan, aka kira su kuskuren lissafi aka cire? Kuma wanda ya ware ranakun da ake zargi, ya san wanda ke bakin aiki kafin ya ware? Idan ya sani, to zargin ne ya haifi jadawalin, ba jadawalin ne ya haifi zargin ba.

Wannan ya taɓa cin rayuwar mutum. A ƙasar Holan, a 2003, an yanke wa wata nas mai suna Lucia de Berk ɗaurin rai da rai bisa zargin kashe marasa lafiya. An kafa hujja da yadda mace-mace da dogon suma suka riƙa dacewa da lokutan aikinta, har aka ce yiwuwar hakan ta faru bisa katari ɗaya ce cikin miliyan 342. Daga baya masana ƙididdiga suka nuna cewa an tattara jerin abubuwan ne bayan zargi ya riga ya faɗa kanta, kuma kasancewarta a bakin aiki ya yi tasiri wajen ware abin da aka ɗauka abin tuhuma. An wanke ta a Afrilun 2010, bayan ta shafe fiye da shekara shida a tsare. A Ingila ma jadawalin aiki da aka nuna a shari'ar Lucy Letby, wata nas da aka samu da laifin kashe jarirai a Agustan 2023, ya sha irin wannan suka daga masana ƙididdiga, ko da yake a 2024 kotu ta ƙi ba ta izinin ɗaukaka ƙara.

Mataki na bakwai: taswirar fili, ta waya, da kibiyoyin kuɗi

A shari'ar fili, a fara duba ma'aunin zanen safiyo. Idan an rubuta 1:1000, santimita ɗaya mita goma ce. Amma idan aka rage zanen daga A3 zuwa A4 a shagon fotokofi, kowane tsayi yana komawa kusan kashi 71 cikin 100, rubutun 1:1000 kuma yana nan bai canja ba. Gefen fuloti mai mita 30, da ya kamata ya zama santimita 3, zai koma kusan 2.1, mai aunawa ya karanta mita 21. A dogara da sandar ma'auni da aka zana a jikin takardar, domin ita tana raguwa tare da zanen. Kaurin layi ma yana da nauyi: a ma'aunin 1:2500, layi mai kaurin milimita ɗaya ya rufe mita biyu da rabi a ƙasa, rigimar makwabta kuwa sau da yawa ba ta kai haka ba. Idan an ɗora tsohon zanen safiyo a kan hoton Google Earth, a tambayi safiyon ko ya juya lambobin da ke nuna wurin filin daga tsarin Minna, wanda tsofaffin zanen safiyo a Nijeriya suke bi, zuwa tsarin WGS84 da GPS ke amfani da shi. Idan bai juya ba, filin yana iya gocewa da gomman mitoci, ya hau na makwabci a takarda alhali a ƙasa turakunsa suna inda suke. A irin wannan a roƙi kotu ta je ta ga wurin da idonta.

A taswirar waya, ɗigon da aka rubuta wa sunan wanda ake tuhuma yawanci wurin ƙarfen sabis ne, ba wurin mutumin ba. Ƙarfe ɗaya yakan kasu fuska uku, kowace tana kallon kusan digiri 120, kuma nisan da take kaiwa yana iya zama 'yan ɗaruruwan mitoci a cikin cunkoson gari kamar Tudun Wada, ko kilomitoci da yawa a ƙauyukan da ke wajen gari. Waya ba kullum take kama ƙarfen da ya fi kusa ba, takan koma wani idan na kusa ya cika ko gini ya tare. Layin da aka ja daga ɗigo zuwa ɗigo ba hanyar da mutum ya bi ba ce, mai zane ne ya haɗa su. Bayanan kuma na layin waya ne, ba su faɗi hannun da wayar take ciki ba.

Zanen kibiyoyi, na kira ko na tura kuɗi, yana da tasa illar. Wanda aka ajiye a tsakiya da hotonsa yana fitowa kamar shugaba, alhali wurin da aka ajiye kowa zaɓin mai zane ne. Kira ɗaya na daƙiƙa takwas da kira 200 duk kibiya ɗaya ake ja musu. Asusun mai POS a bakin kasuwar Samaru zai karɓi kuɗi daga mutanen kirki da na banza a rana ɗaya, haka lambar ɗan acaba ko mai Keke Napep tana cikin wayoyin mutane da yawa da ba su san juna ba. A nemi a rubuta adadi da kwanan wata a kan kowace kibiya, a kuma tambayi jimillar mu'amalolin da asusun ya yi a wannan lokaci, da nawa aka zaɓo daga ciki.

Mataki na takwas: a sake zanawa, a shirya tambayoyi

Da lambobin da aka tabbatar, a sake zanen: sanduna daga sifili, kowane wata a gurbinsa, ma'auni ɗaya, babu hoto babu kauri, lambar kowace sanda a rubuce a kanta, tushen kowace lamba a ƙasa da lambar shafi. A yi shi da girma daidai da na ɗaya ɓangaren domin a ajiye su gefe da gefe. Idan lissafin ya yi zurfi, kamar na jadawalin aiki, a nemi masani daga sashen ƙididdiga na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya duba, kuma a shigo da sabon zanen ta hannun mai shaidar da zai iya kare shi. A bi naka zanen da duk matakan da suka gabata. Idan bayan an gyara komai zanen ɗaya ɓangaren ya tsaya da ƙafarsa, a faɗa wa wanda ake karewa gaskiya tun kafin ranar zama.

Wajen yi wa mai shaida tambayoyi, a taƙaita, kowace tambaya amsarta lamba ce ko e ko a'a. "Malam akanta, layin nan na hagu daga wace lamba ya fara?" "Ga rula, auna wa kotu sandar farko." "Ta biyu fa?" "Karanta mana ainihin cinikin shekarun biyu." "Raguwar kashi nawa ce cikin ɗari?" "Watannin Afrilu zuwa Agusta suna cikin littafin da aka ba ka?" "Suna cikin zanen?" "Wa ya ba ka jerin ranakun nan?" Kada a tambaye shi dalilin da ya sa ya zana haka, domin wannan dama ce ta dogon bayani. Kada kuma a zarge shi da ha'inci sai da hujja, tunda wataƙila kwamfuta ce ta zaɓa masa, kuma mai shaidar da aka mutunta ya fi saurin amsa cewa ma'aunin bai fara daga sifili ba.

A tabbatar kowace lamba ta fito daga bakin mai shaida a fili, a ɗan dakata har mai shari'a ya rubuta, domin a kotuna da yawa da hannu yake ɗaukar bayani. Idan shari'ar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna, abin da ke cikin kundin shari'a za a duba, kuma zanen da ke cikin kundin sau da yawa fotokofi ne baƙi da fari, inda ja da kore suka koma toka iri ɗaya. Saboda haka a buga naka zanen baƙi da fari tun a ofis a ga ko yana karantuwa, a bambanta layuka da ɗigo-ɗigo da rubutu a jikinsu maimakon launi kaɗai, a kuma roƙi kotu ta sa a kundi cewa sandar farko santimita 10 ce, ta biyu 4, ciniki kuwa miliyan 100 da miliyan 94.